Gawa Nawa Za A Ƙirga Kafin A Kira Ta Yunwa?

A watan Agusta na 2005, lokacin da uwaye mata ke cincirindo da ƴaƴansu a ƙofar cibiyar ciyar da yara ta ƙungiyar likitocin MSF a garin Dakoro, marigayi shugaban ƙasa Tandja Mamadou ya shaida wa gidan rediyon BBC cewa babu yunwa a Nijar, jama'a kuwa ga su nan kowa na gani da alamar ƙoshi a jikinsu. Manomin Kornaka da ya riga ya share rumbunsa tun bazara, da makiyayin Gadabeji da ke kallon shanunsa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sun ji wannan magana, kuma a kunnensu ba ta da fassara sai guda: shugaba ya ce cikinsu ƙarya yake yi.

Amma shugaban bai yi maganar da Hausa ba. Kalmar da ya musanta ita ce “famine”, wadda rubutunta ɗaya ne a Faransanci da Ingilishi. In da za a kai shari'ar gaban masu ƙamus, da wuya su kama shi da laifi. Hausa kuwa kalma ɗaya gare ta, yunwa. Da ita yaro ke cewa a ba shi kunu, da ita tsoho ke ba da labarin shekarar da aka watse daga gari. Ingilishi ya raba wannan abu gida biyu, “hunger” da “famine”, kuma a cikin ratar da ke tsakaninsu gwamnatoci ke fakewa, ƙungiyoyin agaji ke neman kuɗi, yara ke mutuwa. Tunda asusun agajin duniya da Ingilishi yake ji, daga New York zuwa Landan da Washington, ya kamata ɗan kasuwar Maraɗi da ma'aikacin gwamnati a Dakoro su san abin da kowace ke nufi, ko da sun yi lakwal ɗinsu da Faransanci.

“Hunger” tsohuwar kalma ce ta asalin harshen, har Jamusawa ma haka suke faɗinta. Ita ce yunwar ciki, ta mutum ɗaya ko ta miliyan. Mai azumi na jin ta da la'asar, matafiyi na jin ta a tasha, ana kuma aron ta a ce wane yana yunwar mulki. In ta shiga rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya sai ta koma nufin rashin ƙoshi na kullum, irin na gidan da ke ɗora tukunya sau ɗaya a yini shekara da shekaru. Ba ta da ranar farawa, ba ta da ranar ƙarewa, ba a ƙirga ta a ce ɗaya, biyu. Ba wanda ke kiran taron manema labarai don ya sanar da ita.

“Famine” daga Faransanci Ingilishi ya are ta, tushenta kuma Latin ne. Ba mutum ɗaya take kamawa ba, ƙasa take faɗa wa ko yanki. Tana da shekara, tana da iyaka a taswira, ana ƙirga ta a ce an yi guda uku a ƙarni kaza, kuma a bayanta akwai kaburbura. Abin da ya fi muhimmanci: sanar da ita ake yi, kamar yadda ake sanar da yaƙi ko ganin wata. Duk inda ta sauka akwai ta farkon, amma ta farkon tana iya zama a gari shekara hamsin ba a taɓa kiranta da sunan ta biyun ba. Faransanci ma yana da nasa tsani, daga “faim” zuwa “disette” zuwa “famine”, da “soudure” a gefe, wato tsakanin ƙarewar tsohon hatsi da nunar sabo. Masu ofis a Yamai sun ƙware wajen hawa da sauka a wannan tsani gwargwadon wanda ke saurarensu.

Bahaushe bai rasa hanyar bambanta su ba, sai dai shi da suna yake yi, kuma bayan abin ya wuce. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce. Ta 1984 zuwa 1985 mutanen jahar Maraɗi suka raɗa mata El Buhari, don a shekarar Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakar Najeriya, ya toshe hanyar hatsi da ta ƴan cin rani gaba ɗaya. A lura da wannan suna. Talakawan da ba su taɓa shiga aji ba sun gane cewa farin daga sama ya zo, amma wanda ya mayar da shi bala'i mutum ne mai sa hannu a takarda.

Su kuwa masanan agaji ma'auni suka kafa. Tun 2004 aka fara tsara shi a Somaliya ƙarƙashin hukumar FAO, ana kiransa IPC, hawa biyar gare shi, kuma ƙasashen Sahel na ƙungiyar CILSS suna da irinsa. Kafin a ce yanki ya kai hawa na biyar, wato “famine”, sai abu uku sun haɗu. Gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci matuƙar rashi. Yara 30 cikin 100 su kamu da tamowa mai ramarwa. Sannan mutum 2 cikin kowane 10,000 su riƙa mutuwa kowace rana. A sa alƙalami a yi lissafi: gunduma mai mutum 500,000 sai ta kai ga binne mutum 100 kullum, daga wannan Juma'a zuwa waccan mutum 700, kafin kalmar ta halatta gare ta. In tana binne 60 kawai, to matsalar abinci ce, a yi haƙuri a jira.

Ba a ce ma'aunin ba shi da amfani ba. Likita na buƙatar awon zafin jiki. Amma ma'auni ne na gane cewa an makara. A Somaliya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta furta kalmar a watan Yuli na 2011. Binciken da aka fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa mutum wajen 258,000 suka mutu, rabinsu yara ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma kusan rabin mamatan sun riga sun kwanta dama kafin ranar sanarwar. Wannan shi ne ihu bayan hari, da hatimin hukuma a kai.

A koma Dakoro. Gundumar tana kan gaɓar da gona ke ƙarewa daji ya fara, inda dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, aka bar bayanta ga Fulani da Buzaye. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta biyo baya. Hukuma ta ce giɓin hatsi na ƙasa baki ɗaya tan 223,000 ne, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na buƙata ba. Giɓin ciyawa shi ne babba, kuma shi ya kashe arewa. Makiyayi ya kai saniya kasuwa ba ta iya tsayuwa, mahauta suka saye ta kuɗin akuya suka yi banda. Buhun hatsin da aka saba saye wajen jikka 10 da kaka ya kai jikka 30 a wasu kasuwanni. Mata suka koma anza da jiga, wasu suka shiga tonon gidan tururuwa. Tun watan Afrilu na 2005 binciken MSF a ƙauyukan arewacin Maraɗi da Tawa ya nuna yaro ɗaya cikin biyar na fama da tamowa. Kafin shekarar ta ƙare, wannan ƙungiya ita kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar.

Duk da haka, ɗaya cikin biyar bai kai 30 cikin 100 ba. Cibiyar FEWS NET ta Amurka ta ce abin da ke faruwa matsalar abinci ce mai tsanani amma a wasu yankuna. Babban binciken da aka yi a ƙarshen daminar 2005 ya sami tamowa a jikin yara kusan 15 cikin 100 a faɗin ƙasa. Ke nan a ma'aunin masana shugaban ya ci shari'a. Tambayar ita ce, me ya yi da nasarar? Shugaban da ke da gaskiya a kan kalma yana iya cewa: ba ta kai waccan ba, amma jama'ata na cikin wahala, a kawo ɗauki. Shi kuwa ya ɗauki ƙunƙuntar ma'anar “famine” ya rufe faɗin ma'anar “hunger” da ita, ya zargi ƴan adawa da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da kambama abu don biyan buƙatunsu.

Ba jahilci ya sa shi ba, sani ne. Tandja na cikin sojojin da suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma babbar hujjar da Seyni Kountché ya kafa ita ce yunwar fari da wawure kayan agaji. Daga baya Tandja ya riƙe jahar Maraɗi, ya riƙe Tawa. Ya ga abin da kalmar ke yi wa kujera. A Habasha ma, a wannan shekara ta 1974, yunwar Wollo da aka ɓoye tana cikin abin da ya ci rawanin Haile Selassie. Ga shi an sake zaɓensa a Disamba 2004, ga wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci da Yamai za ta karɓa a Disamba 2005. Mai shirin tarbar baƙi ba ya son a ji warin gawa a zaure. Shi ya sa shugabar editocin jaridar gwamnati, Sahel Dimanche, ta rasa kujerarta bayan jaridar ta buga labarin yunwar, shi ya sa a Afrilu 2006 aka janye wa tawagar talbijin ta BBC izinin ɗaukar hoto, shi ya sa a 2008 aka dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi har ya tattara ya tafi. Da sojoji suka tumɓuke shi ranar 18 ga Fabrairu 2010, cikin abubuwan farko da Salou Djibo ya yi akwai fitowa fili ya ce yunwa na barazana ga miliyoyin ƴan ƙasa. Kalmar da ta zama haram a Janairu ta halatta kafin damina, alhali rumbunan ba su sake ba. Mai riƙe da kujerar ne ya sake.

Kada masu agaji su yi murna, don su ma ba su fita ba. Tun ƙarshen 2004 aka yi ta gargaɗi. A watan Mayu na 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, firaminista Hama Amadou ya yi nasa kiran a majalisar dokoki, duniya ta yi kunnen uwar shegu. Sai a watan Yuli, da talbijin ɗin Ingila ya nuna yaran Maraɗi ƙashi da fata, aka liƙa wa hoton babbar kalmar, sannan baitulmali suka buɗe, buƙatar ta haura dala miliyan 80, Kofi Annan ya sauka Damagaram a Agusta. Darasin da kowace ƙungiya ta koya shi ne: “hunger” taro take jawowa da takardu, “famine” jirage take jawowa. Don haka mai neman kuɗi ya ja kalmar sama, mai tsoron kunya ya ja ta ƙasa, kowa na riƙe da gefensa na igiya, mai cikin kuwa ba a tambaye shi ba.

Akwai kuma abin da gwamnati da masu ba ta bashi suka haɗu a kai, wanda ba a son tunawa. Har tsakiyar damina sun ƙi yarda a raba abinci kyauta, wai kada a ɓata kasuwa, kada a koya wa talaka zaman jiran sadaka. Aka zaɓi sayarwa da rahusa, buhu jikka 10, ga mutumin da ba shi da dala ɗari a aljihu. A farkon wannan shekara dai aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan fulawa da madara da sukari da ruwa da wuta, sai da ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka rufe birane a watan Maris, aka kama shugabanninsu, kafin a ja da baya. Rabon kyauta bai kankama ba sai Agusta. Tunda ba “famine” ba ce, ai babu gaggawa. Kalma ce ta riƙe mabuɗin sito.

Yanzu ga ƴan kasuwa, tunda da yawansu na karanta wannan shafi. Kasuwannin jahar Maraɗi ba su taɓa bushewa ba a 2005. Hatsi na nan jibge, kuɗin saye ne babu. Masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya nuna wannan tun 1981 a littafinsa kan talauci da yunwa: a Bengal ta 1943 mutane sun mutu ba don abinci ya ƙare a ƙasar ba, sai don ya fi ƙarfin aljihunsu. Gaskiya ne farashi ya tashi har a Dawanau ta Kano a shekarar, gaskiya ne Mali da Burkina Faso sun tsuke fitar da hatsi, kuma ba Alhazan Maraɗi suka aiko da fara ba. Ɗan kasuwa ba gidan sadaka ya buɗe ba, riba halal ce. Amma wanda ya ba manomi tiya ɗaya da bazara ya karɓi biyu ko uku da kaka ya sani sarai cewa yunwar baɗi yake shukawa. Wanda ya kulle sito yana jiran buhu ya ƙara jikka biyar, maƙwabcinsa na dafa ganye, ba ya buƙatar masani daga Roma ya gaya masa hawa na nawa aka kai. Shi ya fi kowa sanin ranar da abu ya ɓaci, don shi ke ganin ranar da manomi ya daina kawo hatsi ya fara kawo tunkiyar matarsa, sannan garmarsa, sannan ya zo da maganar jinginar da gona.

Sen ya kuma yi wata magana da ta shafi jaridu: cewa babbar yunwa ba ta faɗa wa ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da jarida mai ƴanci, don mai mulki na tsoron ƙuri'a. Nijar ta 2005 tana da jam'iyyu, tana da majalisa, tana da jaridu masu zaman kansu tun kafin babban taron ƙasa na 1991. Masana sun yi ta gardama ko abin da ya faru ya ƙaryata shi. Abin da ya bayyana dai shi ne, gwamnatin da aka zaɓa tana da wata dabara da Sen bai ba ta nauyi ba. Ba sai ta hana bala'in ba, ta isa ta hana shi sunan.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, musamman malaman gona da na dabbobi da na asibiti a Dakoro da Bermo da Mayahi, rahoto daga hannunsu yake tashi. Ƙasar ba ta rasa kayan aiki ba. OPVN na nan tun 1970, tsarin gargaɗin farko tun 1989, ana bin farashin kasuwanni mako mako. Inda abin ke lalacewa shi ne a kan hanya. Malamin ƙauye ya rubuta cewa mutane na cin anza. A gunduma a mayar da shi yanki mai rauni. A jaha ya zama giɓi na ɗan lokaci. Kafin ya isa teburin minista ya koma yanayi da ake sa wa ido. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa sauka ɗaya ya yi a tsani don kada a ce shi ya ɓata wa mai gida rai. Ana iya fahimtar tsoron mai iyali da albashi ɗaya. Amma alƙalamin da ya sauya anza zuwa rauni yana da kaso cikin abin da ya biyo baya.

Abin da ya fi ciwo shi ne shekarun da ba a yi gardama ba. Damina ta yi kyau a 2005, ta yi kyau a 2006, masu kyamara suka tafi, cibiyoyin tamowa na jahar Maraɗi kuwa ba su rufe ba, don yaran ba su daina zuwa ba. A 2010 yaran da aka yi wa jinyar tamowa mai tsanani a ƙasar sun haura 300,000. Jahar da ake kira rumbun ƙasa ita ke kan gaba a wannan lissafi sau da yawa. Wannan ita ce “hunger”, wadda ba ta da ranar sanarwa, ba ta kifar da gwamnati, ba ta sauko da jirgi. In aka tara yaran da ta ɗauke cikin shekaru goma na lafiya lau, tsofaffin Kornaka za su iya faɗin ko sun kai na El Buhari ko sun wuce. Ita ba a raɗa mata suna ba, don ba ta taɓa tafiya ba balle a ba da labarinta.

Babu dokar da ta tilasta wa Nijar jiran kalmar wani kafin ta buɗe sitonta. Majalisar kowace gunduma na iya tsayar da nata ma'auni da harshen da mai gari ke ji: in kuɗin bunsuru ya kasa sayen tiya kaza, in yaran da ake kawowa asibiti suka ninka na watan da ya gabata, in aka fara sayar da shanun huɗa a watan shuka, to a fito da hatsi ba tare da jiran waya daga Yamai ba. A karanta waɗannan alƙaluma a rediyo da Hausa da Fulatanci da Tamashek ran kasuwa, don mai su ya ji ya gaskata ko ya ƙaryata. Iyakar da Buhari ya rufe a 1984 ya sake rufe ta a Agusta 2019 har Disamba 2020, takunkumin CEDEAO ya sake toshe ta daga 2023 zuwa farkon 2024, kuma kowane karo tiyar Dakoro ce ta fara sanarwa, makonni kafin rahoton farko ya bar ofis.